Baƙunci a Gidan Uba: Jawabin Wasu Ma'aurata da Suka Komo Daga Ingila

 An nemi mu yi magana a kan zaman ƙasar waje, amma da muka yi shawara mu biyu sai muka ga labarin tafiya ba ya rasa masu ba da shi. Da wuya a sami ɗalibi a wannan zaure wanda bai san inda ake neman biza ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne komowa, watau yadda mutum zai sāke zama ɗan gida bayan gida ya saba da rashinsa. A kan wannan za mu tsaya, kuma za mu auna shi da ma'aunin bikin Kirsimeti, domin a ranar biki ne ake gane matsayin kowa a cikin dangi. 'Yan'uwanmu Musulmi, duk inda kuka ji mun ce Kirsimeti ku sa Salla a wurin, za ku ga yawancin zancen naku ne.

Mu Kirista ne. Maigida mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kagoro, uwargida kuwa daga wajen Mangu take, a Jihar Filato. Mun yi shekara tara a birnin Manchesta, da fari karatu, daga baya aiki, can kuma Allah ya ba mu 'ya'ya biyu. A shekarar 2022 muka tattara muka komo, muka zauna a Kaduna.

Kirsimetin Ingila biki ne na bayan ƙofa. Rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, jiragen ƙasa ba sa tafiya ran 25 ga Disamba, manyan kantuna a rufe, tituna tsit kamar an yi shara. Kowane gida da talotalonsa a kan tebur, kujeru a ƙidaye, wanda ba a gayyata ba ba ya zuwa, wanda aka gayyata kuwa an yanka masa lokaci. Da ƙarfe uku a saurari jawabin mai sarautar ƙasar, al'adar da aka fara ta rediyo tun 1932. Majami'u ba sa cika yadda muka zata, kuma ba abin mamaki ba ne, gama ƙidayar 2021 ta nuna cewa waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales ba su kai rabin jama'a ba. Shekarar farko mutum yakan ji kamar ya yi kuka. Amma ɗan Adam da sabo aka san shi. Sannu a hankali sai muka iske akwai wani daɗi a cikin wannan shiru: miji da mata su zauna su tsara abin da za su kashe, su yi addu'a tare da 'ya'yansu, su yanke shawara ba tare da an kai ta gaban kowa ba. Ba za mu ɓoye muku ba, aurenmu ya ƙaru da wannan zama, kuma da shi muka komo a cikin kayanmu, ko da yake ba a ganinsa a akwati.

To, a cikin waɗannan shekaru, mene ne mu a wurin mutanen gida? Masu aike ne. Murya ce a waya, da hoto mai motsi wanda ke tsinkewa in hadari ya taso, da kuɗin da kan iso a farkon Disamba domin ɗinkin yara da watanda. Ana gode mana, ana sa mana albarka, mu ma muna jin mun sauke nauyi. Amma gida ba ya tsayawa ya jira kowa. Sa'ad da mahaifin maigida ya rasu, ƙanensa ne ya tsaya a kan kabari, shi ya karɓi masu gaisuwa, shi ya raba rigimar iyakar gona, shi dattawan ikilisiya suka saba nema. Ranar da muka iso bikinmu na farko ya tashi ya ba wansa kujera, yana "Yaya, ga wurinka," amma duk wanda ya shigo da magana sai idonsa ya zarce wajen ƙanen. Ba raini ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne. Hausawa sun riga sun faɗa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai komowa yana da zaɓi biyu: ko ya nemi girmansa da ƙarfi, ya jawo ɓaraka a gidan da ke zaune lafiya, ko ya yarda cewa wanda ya yi tsaron gida shekara tara ya san abin da shi bai sani ba. Mu na biyun muka ɗauka, har yau kuwa ƙanen ne ke riƙe da lissafin gida.

Sa'an nan ga bashin gaisuwa, wanda ba wanda ya taɓa ambata mana shi a can. Mun zo da shirin hutu, sai Mama ta zauna ta lissafa mana gidajen da aka yi rasuwa muna nesa, da waɗanda aka yi haihuwa, da waɗanda aka yi aure. Kwana huɗu cur muka yi muna bi gida gida, ana shimfiɗa tabarma, ana kawo kunu, ana tā da kukan da ya riga ya kwanta shekara biyar ko shida. A wani gida wani kawun maigida, tsoho tukuf, ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, kuɗinka sun zo jana'iza, mun gan su, mun gode. Yau kuma kai ka zo." Bai ƙara kome a kai ba. A nan muka ga iyakar abin da aike ke iya yi. Kuɗi sukan sayi akwatin gawa, su ciyar da baƙi, amma ta'aziyya ba ta cika sai an ga fuska, kuma ba ta ruɓewa kome daɗewa. Duk wanda ke shirin tafiya a cikinku ya san cewa ana rubuta masa wannan bashi tun daga ranar da jirginsa ya tashi.

Ita ranar bikin kanta, abubuwa da yawa suna nan yadda muka bar su. Tun bayan kaka magidanta ke tara kuɗin watanda, a sayo sa, a yanka da asubar jajibere, a kasa naman kashi kashi, kowane kashi da tsoka da ƙashi da kayan ciki, don kada wani ya ce an ƙware shi. A wurare da yawa Musulmi ake kira ya yi yankan, domin maƙwabta su ci ba tare da shakka ba, wannan kuwa hikima ce ta iyayenmu wadda ta cancanci a rubuta ta. Hazo ya rufe duwatsu, yara sun fito da sabon ɗinki fuska ta sha mai, Zumuntar Mata da anko da tulunan kiɗa, sujada ta kai sa'a uku ba wanda ya dubi agogo sai mu. Bayan an tashi ƙofar gida a buɗe take har dare, ba gayyata, ba ƙidayar kujeru, tukunyar shinkafa ba ta sauka. Wanda ya san Linjilar Luka ba zai yi mamakin cunkoson ba, tun da haihuwar da ake bikinta ta auku ne a kan tafiya zuwa garin kakanni, inda masauki ya yi wuya.

Abin da ya sāke shi ne yawan kwanukan da ke ƙetare hanya. Muna yara, aikinmu ran Kirsimeti shi ne kai abinci gidajen maƙwabta Musulmi, da babbar Salla kuma su aiko da nama, ƙwarya ta bi ƙwarya. Tun kafin mu tafi wannan al'ada ta fara rauni, bayan rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000, da na Jos na 2001. Muna nesa mun riƙe hoton ƙuruciya a zuciya, muka komo muka tarar da Kaduna inda kogi ya zama kamar iyaka, yawancin Kirista a kudu, yawancin Musulmi a arewa. Kwano ba ya zuwa inda ba maƙwabci. Yanzu sai mutum ya shiga mota takanas kafin ya kai wa abokin karatunsa cincin, mu kuwa mukan shiga, shi ma yakan shigo tasa da Salla. A jajiberen Kirsimetin 2023 aka kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutum fiye da ɗari. Muna Kagoro a lokacin, uwargida ta kwana da waya a hannu tana neman danginta. Abokanmu na Ingila suka yi ta bugowa suna tambaya ko ba za mu koma ba. Tambaya ce ta ƙauna, amma wanda aka yi wa ita yana zaune ne a tsakiyar mutanen da ba su da inda za su koma, tilas ya san irin amsar da zai bayar a gabansu.

Maganar kuɗi ba za mu daɗe a kanta ba, kun san ta. Wanda ya fito Turai mai kuɗi ne har abada a idon jama'a, ko da albashinsa ya koma naira. Bikinmu na biyu ya zo a shekarar da aka janye tallafin man fetur, watau 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a daminar nan kuma cuta ta cinye cittar manoman kudancin Kaduna. Bukata ta ƙaru, hannunmu ya ragu. Abin da muka yi shi ne muka zauna da Mama da ƙanen maigida, muka faɗa musu abin da muke samu a fili, muka ce ga abin da za mu iya sawa a tukunyar gida kowace shekara, su raba yadda suka ga dama. Wannan faɗar gaskiya a kan kuɗi ɗabi'a ce da muka koyo a can, da fari ta yi wa kunne nauyi, amma ta raba mu da tsarabar ɗaiɗai wadda ba ta taɓa isa.

Wurin da aure ke jin jiki ƙwarai shi ne tambayar nan: gidan wa za a je? A Manchesta ba ta taɓa tasowa ba, gama gida ɗaya ne, namu. A nan kuwa al'ada ta riga ta amsa, mace gidan miji take biki. Kuma ku 'yan mata ku saurara da kyau, hutun da ake faɗa na maza ne. Matar da ta saba mijinta na wanke kwanuka tana yanka albasa, sai ga ta a bakin murhu tun asuba tare da matan ƙannen miji, hayaƙi na cin ido, shi kuwa yana gindin mangwaro ana gaishe shi. In ya taso ya kama mata aiki a ce Turai ta lalata shi, in ta zauna a ce boko ya hau mata kai. A ganinmu wannan rabo bai yi daidai ba, kuma ba mu ga inda addininmu ya wajabta shi ba. Amma tsakar gidan suruka ran biki ba wurin yin lacca ba ne. Maigida ya ɗauki abin da ba mai tsegumi a kai, ɗebo ruwa da faskare da gyaran nama, aka kuma sa 'yan samarin gida wanke-wanke, Mama da kanta ta ba da umurnin. Game da tafiya muka daidaita haka: Kirsimeti a Kagoro har a ga bikin Afan na ran 1 ga Janairu, Ista kuwa a Filato, a sha gwaten acca a ɗakin iyayen uwargida. Dare ɗaya tak muka keɓe wa kanmu, kafin mu kama hanya, mu huɗu a gidanmu na Kaduna, ƙofa a rufe, mu yi addu'a mu ba yara 'yar kyautarsu. Wannan ne rabon Ingila a cikin bikinmu, ba mu kuma jin kunyarsa.

Saura yara, su ne ma abin ya fi shafa, domin mu komowa muka yi, su kuwa zuwa suka yi. Harsuna uku suka tarar suna jiransu. Turanci a makaranta, Hausa a majami'a da kasuwa, harshen kakanni kuma a ɗakin Kaka. Kada ku manta, tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ce ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa na wannan yanki, da ita mutumin Kagoro da mutumin Mangu ke waƙa ɗaya, da ita ma mu biyu muka fara zance. Yaron da ba ya jin ta, a majami'ar ƙauye kurma ne. A bikin farko 'yarmu ta tsaya a gaban kakarta ta miƙa hannu a tsaye, tsohuwa ta yi dariya ta jawo ta jiki, amma mun ga yadda sauran jikoki suka durƙusa, ita ma ta gani. Ba wanda ya koya mata, a biki na biyu da kanta ta kai gwiwa ƙasa. Hausa ta zauna musu cikin shekara guda, albarkacin 'yan unguwa da makarantar Lahadi. Harshen Kaka ne ke da wuya, gama ko 'ya'yan da aka haifa a Kaduna ba su cika jinsa ba, ita kuwa ta haura tamanin. Saboda haka dogon hutun damina can mukan kai su, su yi mako uku ko huɗu ba mu, su bi ta gona, su kwana a ɗakinta. Da muka je ɗauko su bara, ƙaramin ne ya yi mana tafinta tsakaninmu da wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ya kuma rage mana naira hamsin a ciniki.