Haruffan da Suka Fito daga Jaridar Landan



Yau zancenmu na haruffa ne. Ba abin da haruffa ke faɗa ba, a'a, kamanninsu.

Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon buga rubutu ya ga salon haruffan Times New Roman, ko da bai san sunansa ba. To, daga ina ya fito?

Daga Landan ya fito. Wani masanin ɗab'i, Stanley Morison, ya soki jaridar The Times, ya ce bugunta ya tsufa, yana gajiyar da ido. Maimakon su yi fushi, sai suka ce masa bismilla, zo ka gyara. Morison ya tsara, wani mai zane, Victor Lardent, ya zana. A shekarar 1932 jaridar ta fito da sababbin haruffanta.

Ku lura da dabarar. Haruffan matsattsu ne, domin kalmomi da yawa su shiga layi guda. Matsattsu, amma a bayyane. Kowane harafi da 'yar ƙafarsa, kamar mai tsaye a sahu.

Jaridar ta yi shekara 40 da su, sannan ta sauya. Kwamfuta kuwa ta ɗauke su, ta kai su ofisoshin duniya. Ni dai har yau ban gaji da ganinsu ba.

Mu kwana nan. A huta lafiya.