Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Tarihin Baka



'Ya'yanmu da ake yayewa yau, tun da abin da kuka koya shi ne sauraron mutane da adana maganarsu, zan ɗauko muku misali daga Ruwanda.

Ranar 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana a kusa da Kigali. Cikin kwana ɗari, an hallaka mutum kimanin 800,000, galibinsu 'yan Tutsi, har da 'yan Hutun da suka ƙi bin sahun makasa. Wannan adadi kowane ɗalibi zai iya haddace shi ya ci jarrabawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga bakin waɗanda suka tsira aka ji yadda ake tare mutum a shingen hanya, a duba katin shaidarsa mai ɗauke da sunan ƙabila, a sare shi da adda nan take. Daga bakin mutanen Nyamata aka ji cewa sukan yi sammako su shiga fadama, su nutse cikin taɓo, su lulluɓe kansu da ciyayi, suna jin makasa na kiran juna, har rana ta faɗi. Da yawansu sun gane muryar mai nemansu, domin maƙwabci ne.

Ga abin da nake so ku riƙe. Lokacin da kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta fara shari'ar Jean-Paul Akayesu, tsohon magajin garin Taba, babu fyaɗe a cikin tuhumar da ake masa. Wata mai ba da shaida, wadda kotu ta sakaya sunanta, ta ambaci abin da aka yi wa ƙaramar 'yarta. Alƙalai, cikinsu har da Navanethem Pillay, ba su bar maganar ta wuce ba, suka ci gaba da tambaya. Aka gyara takardar tuhuma, wasu matan suka fito suka faɗi nasu. Ranar 2 ga Satumba 1998 aka same shi da laifi, kuma karo na farko ke nan da wata kotun duniya ta yanke cewa fyaɗe na iya zama makamin kisan ƙare-dangi. Ƙarfin halin matan nan da kunnen da aka ba su ne suka kawo wannan hukunci.

Saboda haka, 'ya'yana, idan kun zauna gaban wanda ya ga bala'i, kada ku yi masa gaggawa. In ya yi shiru, ku jira shi. In ya ruɗe a kan kwanan wata, kada ku ƙaryata shi, ku je ku bincika. Ku nemi izininsa kafin ku kunna na'urar naɗar murya, ku sakaya sunansa in ya so, domin amana ce ya damƙa muku.

Cikin 'yan gudun hijirar da ke Maiduguri akwai iyayenmu mata da tsofaffi da ba wanda ya taɓa zama ya saurari labarinsu har ƙarshe. Ina roƙonku ku je musu tun suna raye.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.