AMSOSHIN TAKARDUNKU: Kafin A Ɗauko Bulala, A Binciki Dalili

A wannan mako mun ware takardu uku, domin ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, kukansu ɗaya ne, wato yaro ya sauya hali, iyaye sun rasa inda za su sa kansu. Kamar yadda muka saba in magana ta shafi sirrin gida, ba za mu ambaci sunan kowa ba.

Takarda ta farko daga wani manomi ce a Gagarawa. Ya ce ɗansa mai shekara 9 ya yi zazzaɓi mai tsanani har da suma, ya warke, amma tun daga nan ba ya jin magana, ga faɗa, ga rashin gane karatu. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Sule Tankarkar. 'Yarta mai shekara 15 ta daina cin abinci sosai, ta daina fita cikin ƙawaye, sai kuka a ɗaki, maƙwabta kuma suna cewa iska ce. Ta uku daga wani ɗan kasuwa ce a Maigatari. Ɗansa mai shekara 16 da ke dako a kasuwa ran Alhamis ya soma shan ƙwaya, har ya fara ɗauke-ɗauke a gida, kuma an ba shi shawara ya kai shi gidan mari.

To, Allah ya yaye muku. Abu na farko da za ku sani shi ne, ba ku kaɗai ba ne. Masana sun daɗe suna bincike a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. A 1981 aka buga sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashen Sudan da Indiya da Filifin da Kolombiya. An duba yaran da aka kawo ƙananan asibitoci saboda cututtuka na yau da kullum, sai aka tarar kashi 12 zuwa 29 cikin 100 suna da matsalar da ta shafi tunani ko ɗabi'a. Abin mamaki, ma'aikatan asibitin ba su gano ko da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ba. A nan gida Nijeriya kuma, a 1994 likita Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a Ibadan kan yara 'yan shekara 7 zuwa 14, suka sami kusan ɗaya cikin biyar da irin wannan larura. Ƙididdigar da hukumar ta duniya ta bayar a 2021 ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da ita, kuma bincike ya nuna kusan rabin ciwon ƙwaƙwalwa da ake gani a jikin manya tun kafin shekara 14 yake somawa.

Ku lura da ma'anar wannan lissafi. Mu da muka taɓa riƙe alli mun san aji mai yara 70 ba baƙon abu ba ne a ƙauyukanmu. In aka bi wancan lissafi, ke nan kusan goma daga cikinsu suna ɗauke da wani nauyi da ido ba ya gani. Mu kuwa sunan da muke ba su shi ne mai taurin kai, ko daƙiƙi, ko miskili. Alhali yaro ba shi da bakin da zai ce, "Baba, raina a ɓace yake." Da halinsa yake faɗi. Saboda haka in hali ya sauya, tambayar farko ita ce: yaushe abin ya fara, me kuma ya faru a lokacin?

Malam na Gagarawa, kai ka ma riga ka amsa wannan tambaya, tun da ka ce bayan zazzaɓi ne. Likitoci sun tabbatar cewa zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, haka nan sanƙarau, suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwa ko da yaro ya tashi. Wani ya zama mai saurin fushi, wani ya kasa natsuwa wuri ɗaya, wani ya riƙa mantuwa, wani ya sami farfaɗiya. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa sun san yara nawa ta bari da kurumta. Don haka ka fara gwada kunnensa. Ka tsaya a bayansa inda ba ya ganinka, ka kira sunansa a hankali. Sau da yawa yaron da aka ce ba ya jin magana, maganar ce ba ta isa kunnensa. Ka lura ko yakan ƙura ido ya yi shiru na ɗan lokaci kamar ba ya nan, domin wannan ma wani nau'in farfaɗiya ne, kuma yana da magani. Ka gaya wa malaminsa abin da ya same shi, a dawo da shi gaban aji. Duka ba ya mayar da abin da zazzaɓi ya ɗauke, sai dai ya ƙara masa tsoro.

Hajiya ta Sule Tankarkar, alamun da kika lissafa sun yi kama da abin da likitoci ke kira ciwon damuwa. In baƙin ciki ya kai mako biyu ba ya sauka, ga rashin barci, ga rashin cin abinci, ga ƙin abin da a da ake so, to ya wuce shagwaɓa. Ki samu lokacin da ba kowa, ki zauna da ita, ki tambaye ta cikin lallashi. Wataƙila maganar aure ce da ba ta so, ko an cire ta daga makaranta, ko rashin wani da ta shaƙu da shi, ko kuma wani ya ci zarafinta tana tsoron faɗi. In ba ta iya buɗe miki ciki ba, a nemi gwaggo ko yaya da ta yarda da ita. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana ta ba. Amma ina jan kunnenki da abu ɗaya. In kika ji tana cewa gara ta mutu, kada ki ɗauka wasa ne. A ranar a kai ta wurin likita, kada a bar ta ita kaɗai, maigida kuma ya kulle maganin ƙwari da na feshi da ke cikin gida.

Alhaji na Maigatari, taka ta fi zafi, domin akwai kunya a ciki. Yara masu aikin ƙarfi sukan fara shan tiramol ne don su jure dako da noma, daga baya jiki ya saba, in babu ita sai ciwon jiki da fushi. Daga nan sata take shigowa. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa a shekarar da ta gabata. A watan Mayu na 2018 ɗin ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Batun mari kuwa, ka tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutane kimanin 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. A wata mai bi masa aka sake ganin irin haka a Daura. Sarƙa tana riƙe ƙafa, amma ran da aka kwance ta, ƙishirwar ƙwayar tana nan. Ka kai shi ga likita, ka raba shi da abokan shan, ka sama masa sana'a a ƙarƙashin idonka, kada kuma kuɗi su riƙa kwana a hannunsa. In ya koma bayan ya daina, kada ka yanke ƙauna, haka wannan ciwo yake, sai an yi ta fama.

Ina za a je? A fara da asibitin da ya fi kusa, sannan Babban Asibitin Gumel. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ku tuna binciken 1981 da na ambata. Ma'aikacin lafiya ba zai gane ba in ba ku faɗa ba. Kada ku tsaya ga "kansa ke ciwo". Ku ce ga yadda yake a da, ga yadda ya koma, ga watan da abin ya fara. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tabbatar wa mai wannan larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Na san kuɗin mota da na magani ba wasa ba ne, balle in damina ba ta yi kyau ba. Amma manomin da ya ga tsutsa a gonar riɗi ba ya jira sai kaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Masu waɗannan takardu uku, ku sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.