"Na Yi" Ba Ita Ce "Guilty" Ba



Kalmomin Turanci huɗu za mu duba yau, kowacce kuwa tana iya kai mutum kurkuku ko ta komar da shi gida. Wasunmu gobe su ne akawunan kotu da tafintoci da 'yan jarida, saboda haka maganar tamu ce.

Idan an karanta wa mutum tuhuma, akan tambaye shi "guilty" ne ko "not guilty". Tafinta mai gaggawa sai ya ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" To, a ce manomi ne ɓarawo ya auka masa da wuƙa, ya kare kansa da sanda. Mutumin kirki ne, ba zai yi ƙarya ba, zai ce ya yi. Alhali kuwa kotu ba dukan kaɗai take tambaya ba. Abin da take so ta ji shi ne ko ya amsa laifin yadda doka ta bayyana shi, da niyyarsa, ba tare da wani hanzari ba. Kare kai kuwa hanzari ne da dokar Final Kod ta 1959 ta yarda da shi. Don gudun irin wannan ne, idan laifin na hukuncin kisa ne, ko mutum ya amsa, alƙali yakan rubuta cewa bai amsa ba, a kawo shaidu.

Haka nan idan alƙali ya yanke "not guilty", bai rantse cewa mutumin bai aikata ba. Nufinsa mai gabatar da ƙara ya kasa kawo hujjar da za ta kau da shakka. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar.

Saura "discharged" da "acquitted". Mu duka biyun "an sallame shi" muke cewa, nan kuwa akwai rami. Wanda aka yi wa ta farko kurum, watau an sake shi ba a yanke hukunci kan tuhumar ba, ana iya sake gurfanar da shi gobe. Wanda aka yi wa ta biyu an wanke shi, sashen nan na 36 ya hana a sake yi masa shari'a kan laifin, sai da umurnin babbar kotu. Shawararmu a riƙa cewa "an sake shi" ga ta farko, "an wanke shi" ga ta biyu, ko da mai gyaran labari zai ce layin ya yi tsawo.