Ciwon tsatso: yaushe a ke jira, yaushe a ke yin aiki?

Hirarmu ta yau bisa ciwon baya ta ke, irin wanda ke sauka har ƙafa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen ga, wani ɗalibina ne, manomi. Bayan girbi ya sunkuya ya ɗauki buhun hatsi zai aza bisa amalanke. Sai ya ji wani abu ya soke shi a tsatso. Bayan kwana 3 ciwon ya gangaro ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya kai har yatsun ƙafa. Zama bisa tabarmar aji ya gagare shi. An yi mashi ƙaho, an yi tsaga, ba sauƙi. Da ya je gidan likita, anka ce watakila sai an yi aiki. Ya zo ya same ni ya ce: "Malam, in yarda a yanke ni? An ce wanda anka taɓa ma baya ba ya ƙara tashi."

Ni ba likita ba ne, malamin karatu ne. Amma na yi tambaya wurin ma'aikatan lafiya. Ga abin da na koyo.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, wani bisa wani. Na tsatso guda 5 ne, su ke ɗauke da nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani abu kamar gammo. Gefensa tauri gare shi, cikinsa kuwa taushi. In gefen ya tsage, sai na ciki ya ɓullo waje ya danne jijiya. Jijiyar ga ita ke tafiya zuwa ƙafa. Shi ya sa cutar na baya, amma ƙafa ke kuka. Ƙaho da tsaga ba su kai wurin, don can ciki ya ke.

To, ko dole ne a yi aiki? A'a. Mafi yawan masu wanga ciwo suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12, ba tare da wuƙa ba. Jiki da kansa ya kan shanye abin da ya ɓullo, sannu sannu. A lokacin jira kada ka kwanta kwana da kwanaki. Ka riƙa tattaki kaɗan kaɗan. Ka bar ɗaukar kaya. Ka sha maganin da likita ya rubuta, yadda ya rubuta. Ƙwayoyin bakin kasuwa ka bar su. Wasu suna cin ciki da ƙoda, taramol kuwa kama mutum ya ke.

Amma akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Ku saurara da kyau. Na ɗaya, fitsari ya ƙi fitowa, ko fitsari da bayan gida su riƙa zubowa ba ka sani ba. Na biyu, tsakanin cinyoyi da wurin zama su mutu, ba ka jin taɓi. Na uku, ƙafa ta rasa ƙarfi, kullum abin gaba ya ke yi, ko ciwon ya kama ƙafafu duka biyu. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a kai shi babban asibiti ranar nan. In an daɗe, jijiya na iya lalacewa har abada. Haka kuma in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da rama, da zufar dare, a hanzarta. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, kuma maganinsa dabam ne.

In babu waɗannan alamomi, amma an yi wata 2 ko 3 ciwon ƙafa ya hana barci, ya hana aiki, to lokacin shawara ya yi. Hoton radiyo ƙashi kawai ya ke nunawa. Sai hoton sikana, ko wanda a ke kira IRM, ke nuna gammon da jijiyar. Likitan jijiya ke duba shi, kamar waɗanda ke manyan asibitocin Yamai.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1934 wasu likitoci 2 na birnin Boston, a Amurka, sunka bayyana shi. Ana sa mutum barci, a yi ƴar tsaga a baya, a cire guntun da ya danne jijiya. Awa 1 ko 2 an gama. Gaskiyar da ya kamata ku sani ita ce: aikin ya fi kashe ciwon ƙafa bisa ga ciwon baya. Yana kawo sauƙi da wuri. Amma bayan shekara 1 ko 2, wanda anka yi ma aiki da wanda ya jira, sau da yawa kusan ɗaya su ke. Kuma akwai haɗari kamar kowane aiki. Miki na iya ruɓa. Gammon na iya sake ɓullowa ga kusan mutum 1 cikin 10. Shanyewar ƙafafu kuwa, wadda mutane ke tsoro, ba kasafai ta kan faru ba.

Ɗalibin nawa ya jira. Na ce ya riƙa rubuta halin da ya ke ciki a littafinsa kowace Juma'a. Sati na 10 ya rubuta: "Takalmi na faɗuwa daga ƙafata." Da likita ya ga haka, ya ce jira ya ƙare. Ya yi shawara da iyalinsa, ya sai da sansa na huɗa, ya tafi Yamai. Kafin ya sa hannu ga takardar yarda, sai da ya sa anka fassara mashi ita, ya yi tambayoyinsa. Sannan ya rubuta sunansa da kansa, ba dangwale ba.

Washegarin aiki anka tashe shi ya taka. Bayan ƴan kwanaki ya koma gida. Nan ne haƙuri ke da rana. Sati 6 na farko ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba jan guga, ba doguwar tafiya bisa babur. Mace kuwa ba daka, ba tulu, ba goyo. Aikin gona mai nauyi ya kan jira har wajen wata 3, sai likita ya ba da izini. In miki ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti. Noman fari na damanar nan, gayya anka yi mashi. Ƙafar ba ta koma daidai sarai ba, amma yana tafiya, yana barci, ya dawo aji.

Ƴan'uwa, in za ku ɗauki kaya, ku durƙusa da gwiwa, ku jawo kayan kusa da jiki. Buhu mai kilo 100 a kama shi mutum biyu. A aji kuma, kowa ya rubuta alamomin nan 3 cikin littafinsa, ya karanta ma mutanen gidansa.