Jawabi Kan Zuwa Kotu Saboda Inshorar Mota

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo.

Tilasta inshorar mota tsohon abu ne, tun 1945 Bature ya kafa dokar. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, a Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta bincike a kan hanya. Sau da yawa za ka tarar direba na da takarda a hannu, amma jabu ce, 'yan kamasho suka buga masa a bakin ofishin lasin. Gaban majistare kuwa, jabu da babu duk ɗaya ne.

To, in sammaci ya zo, ka je da kanka, da wuri, tare da mai tsaya maka beli. Wanda ya ƙi zuwa, waranti za a bayar a kamo shi.

Abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne a karanta tuhuma da Turanci, mutuminmu bai ji ba, kunya ta hana shi faɗi, sai kawai ya ce "yes sa". Alhaji, ka amsa laifi ke nan fa! Alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka tafinta kyauta. Ka ce Hausa kake ji, ka tsaya a kan haka. In an ci ka tara, biya wurin akawun kotu ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa kowa a waje.

Ina roƙon shugabanni su ware mutum biyu masu jin Turanci da Yarabanci su riƙa raka 'yan'uwa kotu.