Suna Linzami: Yadda Ƙaramar Bindiga Kan Zama Gajeriyar Bindigar Kafaɗa a Dokokin Amurka



Hausawa na cewa suna linzami ne. Galibi akan kawo wannan karin magana dangane da mutum da halinsa, amma akwai wani fage inda ya fi zama daram, wato fagen shari'a, domin a can sunan da doka ta laƙaba wa abu shi ne ke jan mai abin, ko dai zuwa gida ko zuwa gidan yari. Misalin da wannan lacca za ta ɗauka daga ƙasar Amurka ya fito, kuma ya shafi bindiga.

A mafi yawan jihohin Amurka baligi mara tabon laifi yana iya shiga kanti ya sayi ƙaramar bindiga, wadda a ke riƙewa a hannu, a bincika sunansa, ya biya, ya tafi da abarsa. Haka nan yana iya sayen doguwar bindiga, wadda a ke dafa gindinta a kafaɗa. To, amma in ya ɗauki ƙaramar nan ya ɗaura mata gindi irin na doguwar, ba tare da ya canza bututun da harsashi ke bi ba, nan take sunanta ya sauya a idon doka. Ta zama gajeriyar bindigar kafaɗa, kuma in bai sami izinin gwamnatin tarayya ba kafin ya yi haka, hukuncinsa na iya kai wa ɗaurin shekara 10. Harsashin bai canza ba, ƙarfinsa bai ƙaru ba. Hasali ma bindigar ta ƙara tsawo da nauyi, ta fi wuyar ɓoyewa cikin riga fiye da yadda ta ke a da.

Ma'aunin da doka ta kafa ba shi da sarƙaƙiya. Duk bindigar da aka yi don a harba daga kafaɗa, mai zane a cikin bututunta, in tsawon bututun ya gaza inci 16, wato santimita 40 da 'yar ɗoriya, ta shiga wannan aji. Haka kuma duk makamin da aka sarrafa daga bindigar kafaɗa, in tsawonsa gaba ɗaya ya gaza inci 26. Ga bindigar tsuntsaye kuwa, mai watsa ƙananan harsasai, iyakar bututun inci 18 ce.

Mai sauraro ɗan Nijeriya zai ga abin bambaraƙwai, tun da ya ke a dokar bindigogi ta 1959 ƙaramar bindiga ce ke cikin jerin makaman da aka fi tsananta wa. Ashe ita ma Amurka ta taɓa nufar wannan hanya, sai tafiyar ta tsaya a rabi. A shekarun da aka haramta giya a ƙasar, daga 1920 zuwa 1933, gungun 'yan fasa-ƙwauri sun addabi manyan birane, kuma kisan gillar da aka yi wa mutum 7 a Shikago ranar 14 ga Fabrairu 1929 ya girgiza jama'a ƙwarai. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya hau mulki, Babban Lauyan Gwamnati, Homer Cummings, ya kai wa majalisa shirin doka. Da ya ke ana shakkar ko tsarin mulki ya ba gwamnatin tarayya ikon haramta makami kai tsaye, sai aka bi ta ƙofar haraji: dala 200 a kan ƙera makamin ko miƙa shi ga wani, tare da rajista. Dala 200 ta wancan zamani ta fi dala 4,000 ta yau, saboda haka haraji ne a baki, amma hani ne a aikace.

A shirin farko ƙananan bindigogi na cikin jerin. Masu tsara dokar kuwa sun san halin ɗan Adam: in aka tsananta wa ƙaramar bindiga, mutum zai sayi doguwa ya sa zarto ya datse ta, ya sami abin da zai soke a ƙugu. Don toshe wannan kafa ne aka sa gajeriyar bindigar kafaɗa a cikin shirin. Sai ƙungiyoyin masu bindiga suka tayar da ƙura, majalisa ta cire ƙananan bindigogi, aka zartar da saura a watan Yunin 1934. Aka rushe ɗakin ke nan, aka bar dangar da aka kewaye shi da ita. A 1937 Kotun Ƙoli, a shari'ar Sonzinsky, ta tabbatar da dokar bisa hujjar cewa haraji ce, majalisa kuwa tana da ikon ɗora haraji. A 1960 aka rage iyakar bututun bindigar kafaɗa daga inci 18 zuwa 16.

Kada a ɗauka cewa wannan lissafin inci wasan malamai ne. A 1989 wani mutum a jihar Aidaho, Randy Weaver, ya sayar wa ɗan leƙen asirin gwamnati bindigogin tsuntsaye biyu da aka datse ƙasa da ƙa'ida. Aka tuhume shi, bai halarci kotu ba, jami'an tarayya suka je dutsen Ruby Ridge inda ya ke zaune da iyalinsa. A watan Agustan 1992 aka rasa rai uku: jami'i William Degan, da ɗan Weaver mai shekara 14, da matarsa. A 1993 masu taya alƙali hukunci suka wanke Weaver daga laifin bindigogin, suka kama shi da laifin ƙin zuwa kotu, kuma a 1995 gwamnati ta biya iyalin diyyar dala miliyan 3.1.

Wanda ya ke son ya yi wannan sauyi bisa halal, hanyarsa sananniya ce. Zai cika takardar neman izini, wadda a ke kira Fom na 1, ya aika wa hukumar ATF mai kula da giya da taba da bindigogi da abubuwa masu fashewa, haɗe da hotonsa da zanen yatsunsa. Kafin 2016 sai babban jami'in 'yan sandan yankinsa ya sa hannu, wanda hakan ya ba jami'i guda damar hana mutanen gari guda. A shekarar nan aka mayar da sa hannun ya zama sanarwa kawai. Sai izini ya fito tukuna zai ɗaura gindin, kuma da ya ke doka ta ɗauke shi a matsayin maƙerin sabon makami, zai sa a zana sunansa da garinsa da jiharsa a jikin ƙarfen. Ko ƙetare iyakar jiha da ita sai da wani izinin dabam.

Sai dai izinin tarayya rabin magana ne, domin Amurka jiha 50 ce, kowace da dokarta, kuma hukumar ba ta amince wa mutum ya ƙera abin da jiharsa ta haramta. A Kalifoniya da Nuyok da Nujazi da Hawayi ƙofar a rufe ta ke ga gama-garin mutane. A Tekzas da jihohi masu yawa takardar tarayya ta wadatar. Jihar Mishigan ce ta fi ba mai nazarin harshe sha'awa. Ta halatta wannan makami a 2014, amma a dokarta duk bindigar da tsawonta bai wuce inci 26 ba ƙaramar bindiga ce, dole a bi da ita ta ƙa'idojin ƙananan bindigogi. Ƙarfe guda ke nan a hannun mutum guda, gwamnatin tarayya na kiransa bindigar kafaɗa, jiha na kiransa ƙaramar bindiga, mai shi kuwa wajibi ne ya amsa kiran duka biyun.

Kotuna ma sun sha fama da ma'anar kalma. Kamfanin Thompson/Center ya kan sayar da ƙaramar bindiga mai suna Contender, mai bututu inci 10, sai ya fito da ƙunshin kaya mai gindi da bututu inci 21. In an haɗa gindin da dogon bututun, doguwar bindiga ce halattacciya. In an haɗa shi da gajeren, an faɗa aji mai haraji. Tambayar ita ce, shin tara kayan wuri guda ƙerawa ne? A 1992 Kotun Ƙoli ta ce kalmar tana da harshen damo, kuma dokar da ke ɗauke da hukuncin ɗauri, in ta ɗauki fassara biyu, a kan bi wadda ta fi sauƙi ga wanda a ke tuhuma. Daga baya, a 2011, hukumar ta bayyana cewa bindigar da aka fara ƙerawa ƙarama tana iya zama doguwa ta sake komawa ƙarama, amma wadda aka fara ƙerawa doguwa ba ta da wannan dama. Asali ya shigo cikin sha'anin ƙarfe ke nan, kamar dai ana maganar gadon sarauta.

Rikicin da ya fi taɓa jama'a shi ne na maɗaurin hannu. A 2012 wani tsohon soja, Alex Bosco, ya ƙirƙiro wani abu da a ke maƙalawa bayan ƙaramar bindiga mai nauyi, a ɗaure shi a hannu, don abokinsa naƙasasshe ya iya harbi da hannu ɗaya. Hukumar ta ce wannan ba gindi ba ne. Nan da nan aka sayar da miliyoyi, masu saye da yawa kuwa suka riƙa dafa shi a kafaɗa, abin da kowa ya sani. A watan Janairun 2023 hukumar ta juya, ta ce mafi yawan irin waɗannan bindigogi gajerun bindigogin kafaɗa ne, ta ba masu su kwana 120 su yi rajista kyauta, ko su cire maɗaurin, ko su miƙa makamin. Gaskiya ne cewa masu bindiga sun yi wa doka wayo, amma ba daidai ba ne hukuma ta halatta abu shekara 10 sannan ta wayi gari ta mayar da masu shi masu laifi, ba tare da majalisa ta canza ko harafi ɗaya ba. A watan Yunin 2024 Alƙali Reed O'Connor na kotun tarayya a Tekzas ya soke ƙa'idar.

Sauyi na baya-bayan nan ya taɓa ginshiƙin dokar kanta. Ranar 4 ga Yuli 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar haraji da kashe kuɗi wadda ta mayar da harajin gajeriyar bindigar kafaɗa daga dala 200 zuwa sifiri, daga 1 ga Janairu 2026, amma ta bar rajista da neman izini. Bindiga mai sarrafa kanta tana nan a kan dala 200. Tun cikin 2025 ƙungiyoyin masu bindiga suka shigar da ƙararraki a kotunan tarayya, suna kafa hujja da shari'ar Sonzinsky ta 1937: in dai don haraji aka amince da rajistar, yanzu da ba a karɓar ko sisi, a kan wane iko na majalisa ta ke tsaye?